Wasiƙa Daga Ingila: Zagayen Kwarin Derwent, Inda Aka Fara Kaɗa Ƙararrawar Masaƙa

Ina neman afuwa kan shirun da kuka ji na kusan wata biyu. Ba komai ya jawo ba illa babi na huɗu na kundin bincikena, wanda malamina ya dawo mini da shi har sau biyu da jan biro. Alhamdu lillahi yanzu ya karɓa, shi ya sa na samu sararin fita daga ɗakin karatu na sha iska.

Dalilin fitar kuwa Baba ne. Kwanakin baya muna waya, bayan ya gama tambayar sanyi da abinci kamar yadda ya saba, sai ya ce da ni, "Kai da kake zaune a ƙasarsu, ka taɓa bincika inda aka fara wannan aiki namu?" Duk wanda ya san gidanmu ya san abin da yake nufi. Baba ya yi shekara 19 a sashen kaɗi na wata masaƙa a Kakuri, da albashinta aka sa mu makaranta, kuma ranar da aka garƙame ƙofarta ya dawo gida da katin aikinsa a aljihu da alkawarin kuɗin sallama wanda har yau bai gani ba. Na ji kunyar tambayar nan, domin wurin da yake tambaya bai wuce tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Nottingham, inda nake zaune shekara uku ke nan ba. Sunan wurin Cromford, wani ɗan ƙauye a kwarin kogin Derwent, cikin gundumar Derbyshire.

Na ja wani abokina ɗan Damagaram mai karatun injiniya muka tafi ranar Alhamis da sassafe. Mun tsara za mu yi zagaye ne a ƙafa: mu tashi daga tashar jirgin Cromford, mu bi kwarin kogi, mu haura dazuzzuka zuwa ƙauyukan Holloway da Lea da Dethick, mu gangaro ta Lea Bridge mu dawo inda muka tashi. Wayata ta ce mun yi mil 8 da 'yan kai, amma ƙafafuna sun rantse ya fi haka.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin. Tsuntsaye, tumaki, da tsofaffin Turawa masu yawo da karnuka. In ba an faɗa maka ba, ba za ka taɓa zaton a nan aka haifi abin da muke kira masana'anta ba. Daga tasha muka tsallaka tsohuwar gadar dutse, ba mu yi tafiyar minti goma ba sai ga wata doguwar katanga mai kama da ta gidan yari, babu taga ko ɗaya a ƙasanta ta ɓangaren titi. Masaƙar Richard Arkwright ke nan, wadda ya gina a 1771.

Shi wannan Arkwright wanzami ne. An haife shi a garin Preston a 1732, ɗan tela, bai yi wani karatun kirki ba. Aski yake yi a Bolton, yana kuma bin ƙauyuka yana sayen gashin mata don haɗa hular gashi irin wadda manyan Turawan zamanin ke sawa. A yawon nan ne ya riƙa jin kukan masaƙa cewa zare ya yi ƙaranci. Tun bayan da aka inganta ƙoshiyar saƙa a 1733, masaƙi ɗaya kan cinye zaren da mata da yawa suka kaɗa, ya zauna yana jira.

A nan sai na tuna da Kaka, Allah ya ji ƙanta. Yaya zai tuna yadda take zama a bakin ɗakinta da taskira da mazari, tana dangwalar alli tana murzawa, kuma ita ta fara koya mana cewa zare kala biyu ne. Akwai abawa, mai kauri da laushi, wadda ake ratsawa da ita, akwai kuma zaren tsaye, siriri mai ƙarfi, wanda shi ke ɗaukar ja. To, Turawan Ingila sun samu injin da ke yin abawa da yawa a lokaci ɗaya, wanda wani James Hargreaves ya ƙera, amma zaren tsaye na auduga ya gagare su. Sai dai su yi tsayen da lilin su ratsa da auduga. Abin da matan Indiya, da ma kakanninmu, ke yi da yatsu biyu, shi ne ya hana su barci. Injin da Arkwright ya yi wa rajista a 1769 shi ya warware wannan. Ku ƙaddara injin murza taliya ne aka jera guda uku ko huɗu, kowanne yana juyawa da sauri fiye da na bayansa. Auduga na bi ta cikinsu tana miƙewa tana sirancewa, sannan mazari ya murɗe ta tamau. Na tsaya gaban wanda suka ajiye don masu ziyara, abokina yana ta yi mini bayanin haƙoran ƙarafa, ni kuwa hannun Kaka kawai nake gani.

Ko shi ya ƙirƙiro injin? An daɗe ana wannan gardama. Wani maƙerin agogo mai suna John Kay ne ya ƙera masa, shi kuma Kay ya taɓa aiki da wani Thomas Highs wanda ya ce dabararsa aka ɗauke. A 1785 kotu ta soke rajistar mallakar da Arkwright ke taƙama da ita. Ni dai a ganina ba a injin gwanintarsa take ba. Abin da ya ƙirƙira na haƙiƙa shi ne tara ɗaruruwan mutane a gini ɗaya, a sa su tashi da zama bisa agogon mutum ɗaya.

Ya fara gwadawa a Nottingham da dawakai masu juya injin, ya ga tsadar ta yi yawa, sai shi da abokan jarinsa, Jedediah Strutt da Samuel Need, suka nemi ruwa. Wani abin da ban sani ba sai da na zo shi ne, ba kogin Derwent ne ya juya masaƙar farko ba. Wani ɗan rafi ne mai suna Bonsall, da kuma ruwan da ke fitowa daga wata magudana ta ƙarƙashin ƙasa wadda masu haƙar dalma suka yi don tsane ramukansu. Su ne ke zuba kan wani ƙaton wili na katako, shi kuma ya juya injunan benen mai hawa biyar. Ku riƙe maganar ruwan dalmar nan, za mu dawo kanta.

Cromford ba ta da mutanen da za su cika masaƙa, don haka sai ya yi talla a jaridar Derby yana neman magidanta masu 'ya'ya da yawa, har ya ce yaro in ya wuce shekara 7 akwai aikinsa. Ya gina musu gidaje. Mun ɗan ratsa cikin ƙauyen mun ga layin da ake kira North Street, wanda aka gina a 1776, gidajen dutse masu hawa uku, har yau akwai mutane a ciki. Hawan sama mai faffaɗar taga nan uba ke saƙa, uwa da yara kuma su tafi masaƙa. Ya gina otal a 1778, ya kafa kasuwa, daga baya aka buɗe makarantar Lahadi, tunda ita ce kaɗai ranar da yaran ke da ita.

Injin ba ya tsayawa dare da rana. Rukuni biyu ne, kowanne awa 13 in an haɗa da lokacin cin abinci da canjin hannu. Ana kaɗa ƙararrawa ƙarfe 5, a rufe ƙofa ƙarfe 6 daidai. Wanda ya makara ya rasa kuɗin ranar, a kuma ci shi tarar wata ranar. Kafin wannan, mai kaɗi a Ingila kamar Kaka take: ta yi kaɗi, ta tashi ta duba tukunya, ta je barka, ta dawo ta ci gaba. Daga 1771 aka fara sayen lokacin mutum maimakon abin da hannunsa ya yi. Da na karanta wannan a jikin allo sai jiniyar Kakuri ta faɗo mini, da yadda Inna ke tashi tun kafin asalatu ta ɗumama tuwo, da jerin kekuna da ke cika titi kamar an saki fara. Muna yara ba ma buƙatar agogo, jiniya ce ke faɗa mana lokacin tafiya makaranta.

Abokina ya ce ina tsananta wa mutumin, ai ya fi sauran, bai kwaso marayu daga gidajen gajiyayyu na Landan ya tsare su ba kamar yadda wasu masu masaƙu suka yi a wannan gunduma. Gaskiya ne. Amma yaro ɗan shekara 7 da ke rarrafe a ƙarƙashin injin yana tsintar auduga cikin dare bai san da wannan bambanci ba. Sai a 1819 majalisa ta hana ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga, kuma ba a naɗa masu zagayawa su tabbatar an bi dokar ba sai 1833. Ita kuwa katangar nan marar taga, akwai dalilinta. A 1779 masu kaɗin hannu da suka ga abincinsu zai ƙare suka ƙone wata sabuwar masaƙarsa a Lancashire, shi kuma ya tara bindigogi har da igwa a Cromford yana jiransu. Ba su zo ba.

Daga masaƙa muka tsallaka titi zuwa bakin kanal, irin wanda ake gani a Kadawa, sai dai wannan don jiragen ruwa aka haƙa shi. An buɗe shi a 1794, tsawonsa mil 14 da rabi, doki ke tafiya a gefe yana jan jirgi mai ɗauke da kwal ko dutsen farar ƙasa. Hanyar dokin ita muka bi, kanal a gefe ɗaya, kogin Derwent a can ƙasa a ɗaya gefen, agwagi na bin mu ko za su samu burodi. Bayan mil ɗaya da wani abu muka isa High Peak Junction, inda aka fara wani layin dogo a 1830 da 1831 wanda ya haura tsaunuka mil 33. Inda hawa ya yi tsanani, injin tururi ne a kafe a bisa tudu yake jawo taragu da sarƙa. An rufe layin a 1967, yanzu masu keke ke bi. Ba mu daɗe ba, domin akwai matatar ruwan bahaya kusa da wurin, iska kuma ba ta yi mana adalci ba.

Gaba kaɗan akwai wani gini mai dogon bututun hayaƙi, gidan famfon Leawood na 1849. Injin tururin da ke ciki kan ɗebo kusan tan 4 na ruwa daga kogi a kowane bugu ya zuba a kanal. An yi shi da girma haka ne saboda doka ta ba shi awa 24 kacal a mako, daga daren Asabar zuwa daren Lahadi, lokacin da masaƙun da ke ƙasan kogi ke hutu. Kun ga ke nan ruwa a kwarin nan kamar wutar lantarki yake a wurinmu, kowa na faɗa a kansa. Kuma shi ya kashe masaƙar Cromford. Masu haƙar dalma sun haƙa sabuwar magudana wadda ta fi ta farko zurfi, ruwan ya bi can, ɗan Arkwright ya kai ƙara kotu a ƙarshen shekarun 1830 ya sha kaye. Kafin shekarun 1840 su ƙare, kaɗi ya kusa tsayawa a wurin da aka fara shi. A lokacin ma harkar ta riga ta koma Mancesta da kewayenta, inda kwal da injin tururi suka sa ba a buƙatar rafi.

Muka tsallaka kogin ta kan gadar da ke ɗauke da kanal ɗin kansa, ruwa bisa ruwa, muka bar kwari muka shiga dajin Lea. Hawa ne sosai, ga caɓi. Amma wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba: ƙasan dajin gaba ɗaya shuɗi ne da wasu 'yan furanni masu kama da ƙararrawa, wani gefen kuma ƙanshin tafarnuwar daji kamar ana soya miya. Shi ma dajin ba na Allah-ya-tsiro ba ne zalla. Nan da can za ka ga wasu ramuka da ganye ya rufe, inda mutanen da ke busar da itace don narka dalma. Tun zamanin Rumawa ake haƙar dalma a tsaunukan nan.

Wani abin da ya burge ni, bari in ɗan kauce, shi ne hanyar da muke bi ta ratsa gonakin mutane da makiyayarsu, kuma babu mai ikon hana mu. Tsofaffin hanyoyin ƙafa a Ingila doka ta kare su, an zana su a taswira, an kafa musu alamar kibiya ruwan ɗorawa, manomi kuma dole ya bar ɗan tsani ko ƙyaure a shingensa. Ba a banza suka samu ba, a 1932 sai da aka ɗaure wasu matasan ma'aikata saboda sun haura tsaunin Kinder Scout da ke arewacin nan ba da izinin masu ƙasa ba. Abokina ya ce da an yi wa burtali irin wannan riƙo, da an rage zubar da jini a wurarenmu. Ban musa masa ba.

A saman dajin muka ɓullo Holloway, muka hango wani babban gida mai suna Lea Hurst. Gidan su Florence Nightingale ne, wadda duk mai karatun jinya ya san sunanta, don haka ƙanwata ta ABU, wannan naki ne. Nan ta dawo a watan Agusta na 1856 daga yaƙin Kirimiya. Ana shirya mata gagarumar tarba, ita kuwa ta sauka a wata 'yar tasha da ke ƙasan kwari ta tako a ƙafa har gida ba wanda ya sani. Dukiyar gidan ta samo asali ne daga wani Peter Nightingale mai narka dalma da kaɗin auduga, wanda mahaifinta ya gada har ya ɗauki sunansa. Ko'ina ka juya a kwarin nan, dalma da auduga ne.

Dethick kuwa ba ta kai a kira ta ƙauye ba, coci ɗaya ne da gidajen gona uku a bisa tudu. Nan aka haifi Anthony Babington, saurayin da ya ƙulla makircin kashe Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya don ɗora Mary ta Sikotland, aka kama wasiƙunsa aka kashe shi a 1586, ita ma Mary aka fille kanta a 1587. Wannan wani labarin ne na daban. Mu dai mun samu gindin wata katangar duwatsu, irin wadda suke jerawa ba laka ba siminti, muka yi sallar Azahar tumaki na kallonmu, muka ci burodi da kilishin da Kawu ya aiko.

A nan muna zaune abokina ya yi tambayar da ta kamata: ita audugar daga ina? Ingila ba ta noma ko ƙwara ɗaya. A zamanin Arkwright ana kawo ta ne daga tsibiran Karebiyan da Barazil da ƙasashen Turkawa, kuma ta Karebiyan da Barazil bayi baƙar fata ne ke noma ta. Sai a 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a Amurka, aka samu injin da ke cire gurya da sauri a can, ga kuma injin da ke cinye auduga da sauri a nan. A ƙidayar 1790 bayin Amurka kusan 700,000 ne, a 1860 sun kusa miliyan 4. Yaron da ke ƙarƙashin injin a Derbyshire da bawan da ke tsinkar auduga a Mississippi zare ɗaya ya ɗaure su. Amma kada mu yi saurin wanke kanmu, domin audugar da ta ciyar da masaƙan Kano da Zazzau a ƙarni na 19, da yawanta bayi ne suka noma a rinji da gandayen sarakuna.

Dabarar ba ta tsaya a Ingila ba duk da an haramta fitar da injin. A 1783 wani Bajamushe ya kwaikwaye ta a garin Ratingen, bai ko ji kunya ba ya sa wa masaƙarsa suna Cromford. A 1789 wani Samuel Slater, wanda ya koyi aiki a masaƙar Strutt da ke wannan kwari, ya haddace tsarin injunan a ka ya tsere Amurka ya kafa nasa.

Mu kuwa ta iso mu ne a hankali. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, shekara 80 bayan Cromford, ya tarar da gari mai rayuwa da saƙa da rini, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Amma a kasuwar ya ga akoko da atamfar Mancesta da suka ƙetaro Sahara. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa Lancashire auduga har ma'aikata suka shiga yunwa, tun daga nan suka ƙudurta neman wata gonar. A 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Mancesta, kuma ƙasar Hausa na cikin manyan wuraren da suka sa wa ido. Matsin lambarsu na cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa dogo ya isa Kano a 1911. Sai dai lissafi ya ƙi. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Bature, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi in farashi ya faɗi ana iya cin ta. Jirgin da aka kawo don auduga ya ɓige da jigilar gyaɗa. Wannan wuri na tarihinmu kullum in na karanta sai na yi murmushi. A Zariya da Funtuwa da Gusau ne gidajen gurza suka kafu sosai.

Muka gangaro Lea Bridge wajen la'asar, wani ɗan lungu a bakin rafi, sai na ji wata ƙara da na sani tun ina yaro, gurnanin injin daga bayan bango. Masaƙar John Smedley ce, an kafa ta a 1784, kuma har yau tana aiki, shekara 240 da ɗoriya. Ta bar kaɗin auduga mai araha tun tuni ta koma saƙa rigunan sanyi masu tsada. Na leƙa shagonsu na ɗaga wata riga da niyyar saya wa Baba, na ga farashi, na mayar da ita a hankali kamar ƙwai.

A bakin ƙofar nan na fi daɗewa a tsaye. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna, KTL, an buɗe ta a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lancashire mai suna David Whitehead. Wato jikokin injin da na gani da safe ne aka sauke a Kakuri, tare da ƙararrawar da rufe ƙofar da tarar makara. Wadda Baba ya yi wa aiki tana cikin waɗanda suka biyo baya. Shekara hamsin ba su cika ba aka fara rufe su ɗaya bayan ɗaya: faɗuwar Naira bayan 1986 ta sa kayan gyara sun gagara, wuta babu, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri daga Sin ta cika Kantin Kwari. Cromford ruwa aka janye mata, Kakuri wuta. Ita Ingila ma ba ta tsira ba, masaƙun auduga na Lancashire kusan duk sun mutu, babbar masaƙar Masson da Arkwright ya gina a bakin Derwent a 1783 ita ma ta daina aiki a 1991.

Bambancin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da aka yi da gawar. Ginin Cromford ya wulaƙanta shi ma, an yi gidan wanki da gidan giya a ciki, daga shekarun 1920 ya zama masana'antar launin fenti, gobara ta cinye hawa biyu na sama. A 1979 wata ƙungiyar masu sa kai ta mutanen yankin ta saye shi, suka yi shekaru suna kankare dafin fenti daga bango. A 2001 hukumar UNESCO ta sa kwarin, mil 15 daga Matlock Bath zuwa Derby, cikin wuraren tarihi na duniya. Suna nuna wa 'yan makaranta har da abin da ba na alfahari ba, aikin yara da audugar bayi. Zuwana Kaduna na ƙarshe na bi ta gaban masaƙar su Baba, ciyawa ta fi ni tsayi, an kwance rufin wani sashe. Mutum dubu nawa suka yi rayuwarsu a ciki, kuma ban san wurin da aka ajiye ko littafin sunayensu ba. Ina roƙon duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi aikin masaƙa, ya zauna da su ya ɗauki muryarsu a waya tun suna da rai, ya kuma adana katin aiki da takardar albashi da hotuna. In kun turo mini zan haɗa su wuri ɗaya.

Daga Lea Bridge muka sake kutsawa wani dajin mai suna Bow, hanya na bin gefen tudu, kogi da kanal da dogo da titin mota duk sun matsu a cikin kwari ɗaya a ƙarƙashinmu. Da muka kusa gadar da muka tsallaka da safe sai ga wani katafaren gida a kan tudu yana fuskantar kogi, Willersley. Arkwright ne ya sa a gina masa bayan an ba shi sarautar Sir a 1786. Ana dab da gamawa gobara ta tashi a 1791, kafin a gyara ya rasu a 1792 yana da shekara 59, bai kwana a ciki ba ko sau ɗaya. Ya bar dukiyar da aka ƙiyasta ta kai fam 500,000. Kabarinsa na cikin ɗan cocin da ke bakin kogi, jifa ɗaya daga ƙofar masaƙa.

Muna jiran jirgi na kira Baba na ba shi labari. Bai damu da Sir ko gidan sarauta ba. Ya tambaye ni mazari nawa ne a jikin injin, ya tambayi yadda suke ƙulla zare in ya tsinke, na ce yara ne ke yi da hannu, ya ce su ma da hannu suke yi. Da na faɗa masa maganar rufe ƙofa ƙarfe 6 sai ya yi dariya har da tari, ya ce ashe gado ne. Daga nan ya yi shiru, sannan ya ce in wanko masa hoton injin babba, ba na cikin waya ba, yana so ya kai wa abokan aikinsa da suke haɗuwa bayan sallar Juma'a. Na wanko guda shida, suna cikin jakar wani ɗan uwa da zai taho gida ƙarshen wata. Yaya, don Allah ka karɓa a tasha ka kai masa da kanka.

A gaida Inna da su Gwaggo da yara duka. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.